Jawabi a Kan Ma'aunin Ganye da Rabon Taki a Gonar Kaɗa

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan garinmu, malamin gona, ya yi a babban taron ƙungiya. Mun buga shi dukansa domin ƴan uwa da ke nesa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

 

An ce in yi magana a kan wasiƙar da samarinmu na Yamai suka aiko. Sun ce sun ga wata na'ura a waya, wadda manoman kaɗa na Amurka ke aiki da ita. Ana nuna ta ga ganye, sai ta faɗi ko shukar tana jin yunwa ko ta ƙoshi. Suna so a cire kuɗi daga asusun taki na ƙungiya a sayo ɗaya. Waɗansu iyayenmu kuwa sun ce wannan wasan yara ne, tun da aka san fartanya ba a taɓa tambayar ƙarfe abin da gona ke so ba.

Kuɗin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Gumin mai dako ne, da mai ga-ruwa, da mai gadi, da mai tallar shayi a tasha. Saboda haka bai kamata a yanke maganar da fushi ba, ko da ɗoki. Zan faɗa muku abin da na'urar take, da abin da take iya yi, da abin da ba ta iyawa. Sa'an nan in kawo shawarata.

GONA ƊAYA, ƘASA BA ƊAYA BA

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Dattijon da ya shekara 40 yana noman gona ɗaya, ko da dare ka tashe shi zai zana maka ita a ƙasa. Nan gindin gawo ne, hatsi yana fin mutum tsawo. Nan tsohon suri ne. Nan ne Fulani suka yi mashekari shekaru 3 da suka wuce. Nan jigawa ce, ruwa ba ya zama. Can geza ce, tana wuyar huɗa amma in ruwa ya wadata tana biya. Can ƙarshe kuma fako ne, ko ciyawa ba ta so. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masana ma sun auna wannan a ƙasarmu. A tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, wani masani mai suna Joost Brouwer da abokan aikinsa sun bi gonakin hatsi taku bayan taku. A 1993 suka bayyana cewa cikin gona ɗaya amfanin wani gefe yakan ninka na wani gefe, ko da tsakaninsu bai wuce taku kaɗan ba. Har sun nuna cewa gefen da ya yi kyau a shekarar ruwa ba lalle shi ne zai yi kyau a shekarar fari ba.

Yanzu kuma bambancin ya daɗa ƙaruwa, domin itatuwa sun komo gonaki. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo da manoman jihar Maradi suka soma sassaben zamani, watau barin tohon kututture ya girma, har zuwa aikin mutanen Ɗan Saga a gundumar Agye, miliyoyin itatuwa sun tashi a jihohin Maradi da Damagaram. Gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina, ya bar wa ƙasar gindinsa abinci. Taku 20 daga nan, babu wannan abincin.

To, ga abin mamaki. Mun san duk wannan, amma in buhun takin zamani ya iso daga hannun ɗan ci-rani, yaya ake yi? A ba yara kwano, a ce su watsa daga wannan iyaka zuwa waccan. Gindin gawo ya samu, fako ya samu, jigawa ta samu, duk mudu ɗaya. Uwar da ke raba tuwo ba ta yin haka. Ta san wanda ya ci a maƙwabta, ta san mai yunwa, ta san marar lafiyar da tuwo ba shi ne maganinsa ba.

Abin da na'urar nan ke yi ke nan: raba taki gwargwadon bukatar kowane gefe. Ba wani abu ba ne daban.

ME YA SA KAƊA?

Samari za su ce, ina ruwanmu da kaɗa? Ku tambayi iyayenku mata. Da can kaɗa tana bayan gida, mace tana gurza ta, ta yi shiɓa, ta kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa. Cikin shekarun 1950 kamfanin Faransa mai suna CFDT ya shigo da iri da ciniki, aka kafa injin gurzar kaɗa a Maradi, daga baya aka yi wani a Madawa. Fadamun Gulbin Maradi, wanda ya ratsa ta Tibiri da Gidan Rumji, suna cikin inda aka noma ta. Farin 1973 da na 1984 suka zo, aka gina madatsar Jibiya a farkon shekarun 1990 ruwan gulbi ya ragu, yadi mai araha ya cika kasuwa. Kaɗa ta ja baya ƙwarai. Yau kuɗin manomin Agye da Gazawa yana cikin aya, da riɗi, da wake, da gujiya.

Amma akwai masu ɗan fegi har yanzu, akwai masu son komawa, akwai kuma ƴaƴanmu da ke aikin gonakin kaɗa a wajen Funtuwa da Malumfashi. Bayan wannan, kaɗa ita ce shukar da ta fi nuna laifin rabon taki, domin tana jin ciwo ta fuska biyu.

Abincin da ke sa ganye ya yi kore shi ne wanda malaman gona ke kira azot. Shi ne ke cikin ure, wanda mutanen Najeriya ke ce wa yuriya. Buhun ure mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na azot. Buhun kamfa, watau 15-15-15, yana da kilo 7 da rabi kawai. In azot ya gaza wa kaɗa, ganyen ƙasa ya yi rawaya, ta tsaya gajera, furen ya riƙa zuba. In kuma ya yi mata yawa, sai ta haukace da ganye, ta yi tsawo, ta makara wajen nuna. Inuwa ta rufe ƙwallon ƙasa ya ruɓe, darɓa da tsutsa su samu gidan kwana. Ka kashe kuɗi ka sayo wa kanka asara. Abin da za mu koya a kan kaɗa, zai yi mana amfani a kan hatsi, da dawa, da masara, da aya.

YADDA NA'URAR KE AIKI

Ni ina kiranta ma'aunin ganye. Wadda samari suka gani sunanta GreenSeeker. Malaman jami'ar jihar Oklahoma ta Amurka ne suka ƙera ta cikin shekarun 1990, cikinsu har da wani masanin ƙasa mai suna Bill Raun. Ta shiga kasuwa a farkon shekarun 2000, kamfanin Trimble ya saye ta a 2009, sa'an nan a 2012 ya fito da ƙarama ta riƙewa a hannu. Akwai irinta ta Turai mai suna N-Sensor, ta kamfanin taki na Yara, wadda ake ɗorawa bisa rufin tarakta.

Ga sirrinta. Tana da fitila a ciki mai fitar da haske iri 2. Ɗaya ja ne. Ɗaya kuma idon ɗan Adam ba ya ganinsa. Ganye mai lafiya yana shanye jan hasken, domin da shi yake dafa abincinsa, ya maido wancan da ba a gani. Ganye mai yunwa ba ya shanye ja sosai. Ƙasa tsirara kuwa tana maido duka biyun kusan daidai. Na'urar tana auna abin da ya komo, ta haɗa lissafi, ta rubuta lamba tsakanin 0.00 da 0.99. Lamba ƙarama, ganye kaɗan ne ko ya koɗe. Lamba babba, ganye ya yi yawa ya yi kore shar. Ta hannun, ana riƙe ta sama da shuka kamar santimita 60 zuwa 120, a danna, a yi tafiya bisa layi.

A manyan gonakin kaɗa na Amurka, kamar na jihohin Tekzas, da Jojiya, da Misisipi, ana jera irin waɗannan idanu a fiffiken motar feshi. Motar tana tafiya, ido yana karanta ganye, kwamfuta tana buɗe famfon taki ko ta rage shi, ba tare da direba ya tsaya ba. Abu 3 suke rabawa haka. Na farko takin azot. Na biyu maganin hana kaɗa wuce gona da iri wajen tsawo, wanda ake fesa wa gefen da ya haukace kawai. Na uku maganin kakkaɓe ganye kafin girbi, domin su da inji suke cire kaɗa. Wannan na ukun ba mu da bukatarsa, mu da hannu muke cira.

Me ya kai su ga wannan? Manomi ɗaya yana da ɗaruruwan hekta. Ba zai iya taka gonarsa da ƙafa ba, bai san inda tsohon suri yake ba. Ya sayi ido na ƙarfe domin nasa idon ba zai kai ba. Mu da ke da hekta 2 ko 3, idonmu yana kaiwa.

ABIN DA BA TA IYAWA

A nan nake so samari su saurara da kyau.

Na ɗaya. Na'urar ba ta san azot ba, kore kawai ta sani. Ruwa ya kwanta a gindin kaɗa ta yi rawaya, lamba za ta sauka. Ƙishirwa ta kama ta, lamba za ta sauka. Cuta ta ci saiwa, ko gara, ko ƙuduji a gonar hatsi, lamba za ta sauka. Wanda ya bi lamba ido rufe zai zuba ure a kan ciwon da ure ba ya warkarwa.

Na biyu. Ba ta bambanta kaɗa da ciyawa, ko hatsi da waken da ke ƙarƙashinsa. Gonakin Amurka shuka ɗaya ce tak. Namu garwaye ne. Gonar da ba a yi wa noma ba za ta ba da lamba mai kyau, kamar ta ƙoshi.

Na uku. Lambar ba ta cewa zuba kilo kaza. Sai an yi gwaji shekara da shekaru a kan irin da ake shukawa, da ƙasar wurin, da ruwan wurin, kana a san fassarar lamba. Lissafin Oklahoma na ƙasar Oklahoma ne. A kwarin Yaki na ƙasar Meziko, inda manoman alkama suka rage asarar taki da wannan na'ura, sai da cibiyar CIMMYT ta yi musu nasu lissafin tukuna. Wannan aikin masana ne, irin na INRAN da ke tashar Tarna, ko sashen noma na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi.

Na huɗu, kuɗi. Lokacin da ta hannun ta fito a 2012, kuɗinta ya kai wajen dala 500. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma 5 ba. A canjin wancan lokaci ya kai kamar jikka 250, ban da kuɗin kawowa. Ku lissafa buhu nawa ke nan. In ta lalace kuma, babu mai gyaranta a kasuwar Cadawa.

Wani zai ce, to tauraron ɗan Adam fa, tunda kyauta ne? Gaskiya ne, taurarin Turai masu suna Sentinel-2, waɗanda aka soma harbawa a 2015, suna ɗaukar hoton ƙasa bayan kwana 5-5, da irin wannan lissafin haske. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai tana aiki da hotunan sama domin sanin yadda damina ke tafiya a ƙasashen Sahel. Amma ƙaramin abin da tauraron ke gani shi ne fili mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Kalgo da sabara da kaɗa duk suna cakuɗe a ɗigo ɗaya. A watan Agusta kuma, lokacin da ake bukatarsa, hadari ya rufe sama. Yana da amfani ga gwamnati. Ga mai fegi, bai isa ba.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA BA TARE DA KUƊI BA

Yanzu ga wurin da dattawa za su saurara. Masu na'urar nan ba su yarda da lambarta ita kaɗai ba. Kowace shekara suna ware wani ɗan tsiri a gona, su ba shi taki har ya ƙoshi. In lokacin ƙarin taki ya zo, sai su gwada sauran gonar da wannan tsiri. In sauran gonar ta yi kore kamarsa, ƙasa ta riga ta ciyar da ita, ba ta bukata. In ta fi shi koɗewa, tana bukata, gwargwadon yadda ta koɗe. Wannan tsiri shi ne kan maganar, na'ura ƴar rakiya ce. Masu ƙera ta da kansu sun ce in bambancin ya fito fili, ido ma yana gani.

Mu kira shi layin ƙoshi. Ga yadda za a yi.

A ƙasashen kaɗa na maƙwabta, kamar Mali da Burkina Faso, abin da aka saba faɗa wa manomi shi ne buhu 3 na takin kaɗa a hekta bayan tsiro, da buhu 1 na ure wajen kwana 40 bayan shuka. Mu ɗauki buhun ure ɗin nan. Gona mai mita 100 tsawo da faɗi, in tsakanin layi da layi santimita 80 ne, tana da layi 125. Kilo 50 a raba wa layi 125, kowane layi ya samu giram 400. Rubu'in layi, watau mita 25, giram 100. A auna giram 100 a sikelin ƙungiya, a zuba a gwangwani, a yi masa alama. Mudunka ke nan.

1. Bayan an yi tsuge, wajen kwana 15 zuwa 20, ka zaɓi layi 4 da suka ratsa kowane irin ƙasa na gonarka. In layi ɗaya bai ratsa duka ba, ka yi a wuri 2. Ka kafa turke a kai da gindi.

2. Ka ba waɗannan layuka ninkin rabonsu, giram 800 kowane ɗaya, amma kashi 2, mako guda tsakani, kada ya ƙone su. Duka kilo 3 ne da ɗan ɗori.

3. Ka ware waɗansu layi 4 da ba za su ga ure ba sam har girbi. Wannan shi ne layin yunwa. Sauran aiki duka, noma da feshi da takin farko, a yi musu daidai da kowa.

4. Wajen kwana 35 zuwa 40, kafin fure ya buɗe, ka shiga da safe ko da la'asar, rana tana bayanka. Ka dubi kowane gefe, ka dubi layin ƙoshin da ke kusa da shi. Ka tafi da mutum 2 ko 3, domin mai gona yakan ga abin da zuciyarsa ke so.

5. Gefen da ya yi daidai da layin ƙoshi, kada ka ba shi. Gefen da ya ɗan koɗe, rabin gwangwani. Gefen da ya koɗe sosai, alhali layin ƙoshi a wurin ya yi kyau, cikakken gwangwani, in da hali a ƙara masa bayan kwana 10.

6. Gefen da ko layin ƙoshin ma bai yi kyau ba, ka riƙe takinka. Ba yunwar azot ce ke damunsa ba. Wannan wurin takin gargajiya yake so, da karan hatsi a shimfiɗe da rani, da toka, da barin tohon itace.

Wannan na 6 shi ne inda muka fi yin asara. Tausayi yakan sa mutum ya ƙara wa fako hannu. Na'urorin da ke kan tarakta ma an tsara su su rage taki in shuka ta lalace ƙwarai, don an san ba za ta biya ba.

Bari mu yi misali. A ce rubu'in gonarka gindin itatuwa ne da tsohon mashekari, rabi matsakaiciya ce, rubu'i fako. In ka watsa buhu bai ɗaya, kilo 12 da rabi ya tafi inda aka ƙoshi, kilo 12 da rabi ya tafi inda ba a iya ci. Rabin buhu ke nan. In ka bi layin ƙoshi, sai ka ba matsakaiciyar kilo 35, ka maida kilo 15 gonar hatsi. Buhu ɗaya ne, ɗan ci-rani bai ƙara ko dala ba.

Kada a manta, ure ba a barin shi a sarari. In ya kwana bisa ƙasa rana ta buge shi, ƙarfinsa yana bin iska. A jigawa kuma babban ruwa yana tafiya da shi ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. A sa shi ƙasa na da laima, tazarar faɗin tafin hannu daga gindin shuka, a rufe.

Gefen da kaɗa ta haukace fa? Su suna fesa magani. A Mali, masanan IER da na CIRAD sun gwada karya kan kaɗa da hannu bayan ta soma fure, suka ga yana rage tsutsar ƙwallo. Wannan aikin yatsa 2 ne. Mai so ya gwada a layuka kaɗan, ya nemi malamin gona ya nuna masa lokacin.

BA YAU MUKA FARA BA

Kada wani ya ce wannan baƙon abu ne. Ƙasarmu ce ta koya wa maƙwabta sa taki ɗan kaɗan a gurbi. Cikin shekarun 1990, masanan Sadore, cikinsu har da Andre Bationo, suka nuna cewa giram 6 na kamfa a gurbin hatsi, watau cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP, watau tsunkulin yatsa 3, yana ƙara amfani ƙwarai. In gurbi 10,000 ne a hekta, kilo 60 na kamfa ke nan ko kilo 20 na DAP. Rahotannin ICRISAT daga Nijar da Mali da Burkina Faso sun nuna ƙarin kashi 44 zuwa 120 cikin 100 a hatsi da dawa. Daga 1999 wani shirin FAO ya kafa kantunan kayan noma a ƙauyuka, inda ake sayar da taki a ƙananan ƙulli, da ajiyar amfanin gona jingina don samun bashi. A Agye, shirin PPILDA na FIDA, wanda ya soma wajen 2005, ya ginu ne bisa gwajin da manoma ke yi da hannunsu.

Murfin kwalba ya amsa tambaya ɗaya: ina za a sa taki? A gurbi, ba a fili ba. Layin ƙoshi yana amsa ta biyu: wane gurbi, kuma nawa?

Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a 2006, suka ce za a kai kilo 50 na abincin shuka a kowace hekta kafin 2015, daga kilo 8. Nijar ba ta kai ko kusa ba. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya tada farashin taki a duniya. A 2023 aka rufe iyakar Najeriya, aka wata da watanni kafin a buɗe a 2024. Kowa a nan ya tuna yadda buhu ya yi wuya. Farashin duniya ba a hannunmu yake ba. Inda ƙwayar taki ke faɗawa, wannan a hannunmu yake.

SHAWARATA

Na ɗaya, kada a taɓa asusun taki bana domin sayen na'ura.

Na biyu, kada kuma a jefar da wasiƙar samari. Sun kawo magana mai kyau. A nemi manoma 10 masu son kansu, da masu kaɗa, da masu hatsi, da masu aya, har da iyaye mata masu gamana, su yi layin ƙoshi da layin yunwa. Ƙungiya ta ba kowannensu kilo 4 na ure. Duka bai kai buhu ɗaya ba.

Na uku, da kaka a cire amfanin layin ƙoshi daban, na layin yunwa daban, na waɗansu layi 4 daga sauran gona daban. A auna a sikeli a gaban shaidu. Magatakarda ya rubuta a littafi: sunan gona, irin ƙasa, ranar shuka, ranar taki, nawa aka sa, nawa aka samu. In layin yunwa ya kusa kama sauran, mai gona ya san ure bai biya shi ba a wannan gona. In tazara ta yi nisa, ya san inda kuɗinsa ke haihuwa. Damina ɗaya ba ta isa shaida ba, a yi 2 ko 3.

Na huɗu, samarin Yamai da na Maradi su ɗauki littafin nan su kai Tarna da jami'a. Su ce ga abin da garinmu ya auna, ku zo ku gwada ma'aunin ganye a kan layukanmu. Wanda ya je da littafi a hannu ba kamar wanda ya je da roƙo ba ne. In masana suka yi mana lissafin ƙasarmu, aka ga na'ura tana ganin yunwa kafin ido ya gani, a lokacin sai a sake zama, a haɗa kai da ƙungiyoyin maƙwabta a sayi ɗaya, ta riƙa zagayawa a hannun malamin gona.

Na biyar, ku ƴan ci-rani. In kun aiko da kuɗin taki, kada tambayarku ta tsaya a kan ko an sayi buhu. Ku ce, a wane gefe aka sa? An rufe? Ina layin ƙoshi? A ɗauko muku hotonsa a waya ranar kwana 40. Ba rashin yarda da na gida ba ne, noma ne tare ko da kana nesa.

Ku kuma iyayenmu, taswirar da ke cikin kanku ta fi ta tauraro kaifi, amma ba a rubuce take ba. Ku ɗauki jikokinku ku zaga gona da su kafin ruwa ya sauka. Ku nuna musu inda suri yake da, da inda ruwa ke kwanciya, da inda aka taɓa mashekari. Yaro ya zana a takardar lakwal, a ajiye tare da littafin ƙungiya.

Masu son shiga cikin manoma 10 ɗin nan su ba magatakarda sunansu kafin a watse.  Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maida kowa gidansa lafiya.